Takarda a Kife

Desley Favero tana durƙushe a bayan jerin riguna a shagon gwanjo na coci, hannunta cikin aljihun kwat ɗin wani mamaci, sai ta ji an ambaci sunan 'yarta.

"Ke dai Beryl, bari kawai. Laburaren kotu ne ya sayar da Raelene." Muryar Merle ce daga wajen teburin ciniki. Ta rage ta irin ragewar masu nauyin kunne, wadda ake ji har bakin titi. "Kwamfutocin nan na wurin, duk abin da kika taɓa sai sun haɗiye shi. Da yamma a tura wa 'yan sanda. To wa ke ofishin 'yan sanda? Ɗan kawun Warwick."

"Kai, Merle! Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani. Ai a can ta zauna ta nemi gidan haya kafin ta gudu. Mutum ya tuƙa mota yini guda zuwa garin da bai taɓa takawa ba, ya tsaya daidai ƙofarta. Aljani ne shi?"

"Ni ma fa na fasa shiga. Rigimar shingen nan tawa da maƙwabci, na so in duba doka, na ce a'a, kada a bi ni."

"Ke wa zai bi ki? Ko ɓarawo ya ga ƙafafun nan naki zai ba ki haƙuri ya wuce."

Suna cikin dariya Desley ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Dariyar ta tsaya cak.

"Des! Ashe kina ciki?"

"Tun da aka buɗe. Ku ci gaba mana, ina ƙaruwa." Ta rataye kwat ɗin, ta kakkaɓe hannu. "Merle, wannan kowa da ya sani, a wane titi yake zaune? Ina so in je in gaishe shi."

Merle ta hau goge tabaraunta da bakin riga.

Shekara talatin da ɗoriya Desley ta riƙe laburaren kotun Kalbinna kafin ta yi ritaya, kuma aikin ya koya mata cewa in aka ce kowa ya sani, to ba wanda ya duba. Sai dai tsufa ya ƙara mata wani karatun: mai surutu ma wani lokaci yakan yi tuntuɓe da gaskiya. Don haka ba ta yarda da Merle ba, ba ta kuma yarda da zuciyarta da ke cewa ba zai yiwu ba.

Abin da ya sami Raelene dai ba jita-jita ba ne. 'Yarta ce tilo. Bara ta gudu daga gidan mijinta, Warwick Stoll, da odar kotu a jakarta wadda ta hana shi kusantarta ko neman inda take. Ta kama haya can kudu, ba wanda ya san titin sai uwarta. Wata safiya ta buɗe ƙofa za ta fitar da shara, aka sauke mata ƙarfen taya a gefen fuska. Ta ga takalminsa, ta ji ƙamshin man da yake shafawa, fuskar ce ba ta gani ba. Likitoci suka ɗaure mata muƙamuƙi da waya. Aka kama Warwick, aka ba da belinsa. Abokan kamun kifinsa biyu sun rantse yana tare da su a kan ruwa, lauyansa kuwa magana ɗaya yake nanatawa: mutumin nan bai ma san inda take zaune ba. Mai gabatar da ƙara, wata matashiya mai gajiyayyun idanu, ta gaya wa Desley ba ɓoye-ɓoye cewa in ba a nuna ya san gidan ba, zai fito daga kotu yana murmushi.

Desley ba shiriya take roƙa masa ba. So take ta ga an kulle shi, ta kuma ga wanda ya nuna masa hanya ya ɗanɗana kuɗarsa, ko wane ne.

* * *

Laburaren yana bayan kotu, a ƙasan bene, inda damina ke sa littattafai warin raɓa. Komai yana nan yadda ta bar shi. Kwamfutocin jama'a guda biyu an jera su ta yadda mai karatu zai jingina bayansa da bango, ba mai leƙa masa. Babu littafin sa hannu a ƙofa. Ita ta jefa shi cikin kwandon shara da hannunta, a shekarun da ake rigimar dokokin sa ido, lokacin da ita da takwarorinta masu riƙe da laburaren shari'a suke zarya babban birni suna zama gaban kwamitin majalisa. Abu biyu suka je nema, a ganinsu kuma abu ɗaya ne: a buɗe doka da hukunce-hukuncen kotu kowa ya karanta kyauta, a rufe sunan mai karantawa. Ta gaya wa 'yan kwamitin cewa matar da ta san ana kallonta ba za ta taɓa littafin da ya fi mata amfani ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi hamma. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma a ɗakin nan dai maganarta ce ta zauna.

Noeline Petersen ce a kan teburin yanzu. Desley ta ɗauke ta aiki tun tana budurwa mai cin farce, ta koya mata komai, har yadda ake miƙa wa mutum takardar da ya buga: a kife, ido a kan fuskarsa, ba a kan takardar ba.

"Anti Des!" Noeline ta miƙe har kujerarta ta bugi kabad. "Ya... ya mai jiki?"

"Tana shan romo da bututu. Ki je ki gan ta mana, yanzu ba ta cizo."

Noeline ta sunkuyar da kai.

"Tambaya na zo yi, 'yata. Na'urorin nan har yanzu suna share kansu idan an tashi?"

"Kullum. Yadda kika bari."

"'Yan sanda sun taɓa karɓar wani abu a hannunki?"

"A'a." Ko numfashi ba ta ja ba. "Sun taɓa zuwa kan wata magana daban, na ce su kawo takardar alƙali. Ba su dawo ba."

Desley ta gyaɗa kai. Ta yarda da bakin, amma na'ura tana iya cin amanar mai tsaronta yana zaune a gabanta. Ta je ta zauna a kwamfuta ta biyu, ta rubuta wa Raelene saƙo: ta samar mata sabon maɓoya, gidan ƙarshe a hanyar kogi, mai koren rufi, gobe za ta kai ta. Gidan na marigayi Len Doolan ne, mai kwat ɗin nan. Makullinsa yana jakarta, don ita coci ta sa ta kwashe kayan. Ta rubuta cikakken sunan Raelene, ta rubuta na Warwick, ta sake rubutawa a nan da can kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ta tashi ba ta rufe komai ba.

In akwai kunne a cikin na'urar nan, ya ji.

* * *

Kullum da safe sai ta ɓoye motarta a bayan rumbun Len, ta shanya tsofaffin rigunan Raelene a igiya inda za a hango daga hanya, ta zauna a bayan labulen falo da shayi a filas. A kan cinyarta akwai addar saran rake ta marigayi mijinta Aldo. Ta wasa ta da kanta. Ta kuma sake karanta sashen doka na kare kai, ba don ta manta ba, don dai ta tabbatar inda ya kamata ya tsaya kafin ta ɗaga hannu. Tsohuwa ita kaɗai a gida, namiji ya shigo ba sallama, da odar kotu a wuyansa. Ta ga alƙalai sun sallami mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Ruwa ya yi ta zuba. Jemagu suka cinye mangwaron Len, suka bar ƙwallaye a tsakar gida. Mai karanta mita ya zo ya tafi. Wani ƙaton damo ya hau baranda, ya dube ta ta gilashi, ya ga ba ta da abin ba shi. Duk motar da ta rage gudu a kwanar hanya sai zuciyarta ta buga, ba bugun tsoro ba, bugun mai jiran baƙon da ta daɗe tana yi wa girki. A-kori-kurar Warwick ba ta zo ba.

A gidan mai ta haɗu da shi. Tana zuba fetur ya tsaya a famfon da ke gefenta, ya cire hula.

"Sannu, Mama. Ya mai jiki?"

Ta ci gaba da zuba fetur ɗinta.

"Wallahi abin ya taɓa ni. Duk wanda ya yi mata haka, Allah Ya tona shi." Ya matso, ya sassauta murya, warin kifi da giya ya riga shi isowa. "Tana ina ne ma yanzu? Fure nake so in aika."

"Ka ajiye kuɗin furen, Warwick. Inda za ka, sabulu ma saye ake yi."

Ya yi dariya, amma idanunsa suna kan kujerar bayan motarta, suna lalube, ko akwai jaka, ko akwai rasit ɗin wani gari. A nan Desley ta samu amsarta. Mutumin yana nema ido rufe, kuma tsabar da ta watsa ba ta kai gare shi ba. Laburaren ba shi da kunne. Merle ta yi ƙarya.

Ta yi zaton za ta ji sanyi a ranta. Haushi ta ji, irin na wanda ya ɗaga sanda ya rasa abin duka.

* * *

Raelene tana ɓoye a gonar shanun wata 'yar'uwarsu can kan tudu, inda hazo ke kwana a kan ciyawa har hantsi. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Magana takan fito mata ta tsakanin haƙora, a niƙe, sai an sa kunne.

"Mama, kin rame."

"Ji mai magana. Sha romonki."

Ta ja kaɗan ta bututu, ta ture kofin. "Abin da ke ba ni haushi... makullin nan. Duk wahalar da na sha a kansa. Ƙarshe a waje ya same ni, da bokitin shara."

"Wane makulli?"

"Na gidan hayar. Ƙofar ko yaro ya tura za ta buɗe. Mai gidan ya ce ba zan canza ba, wai zan ɓata masa katako. Na kai shi kotun haya." Gefen bakinta ya motsa, iya murmushin da waya ta bari ke nan. "Ni kaɗai, ba lauya. Na kayar da shi. Na so in ba ki mamaki ne. Na ce 'yar Desley ce fa ni."

Desley ta ajiye cokalin da ke hannunta a hankali.

"Kin kayar da shi. An rubuta hukunci?"

"Shafi uku."

"Kin roƙa a sakaya sunanki?"

"Ana roƙa ne?"

Desley ta fita baranda inda wayar hannu ke kamawa. Yatsunta sun san hanya ko da ido a rufe: shafin hukunce-hukunce na kyauta, jiha, kotun haya, akwatin suna. Ga shi nan. Raelene Stoll da mai gida. Sakin layi na farko ya kawo lambar gida, da titi, da unguwa. Na huɗu ya bayyana cewa mai ƙara tana zaune ita kaɗai, kuma ƙofar gabanta ba ta da ƙwari.

Ta daɗe a tsaye, shanu suna kallonta. Ranar da aka buɗe shafin nan ta sayi kek ta raba wa ma'aikatan kotu.

Sannan kanta ya dawo aiki, a sanyaye. Shafin ba ya fitowa a binciken gama-gari. Ita da takwarorinta suka dage a toshe shi haka, suna ganin wannan ya isa kariya. Sai mutum ya san da shi, ya shiga cikinsa, ya san wace kotu zai zaɓa cikin tarin kotuna. Warwick kuwa ko takardar harajin motarsa Raelene ke cike masa. Wani ya kama hannunsa. Kuma a duk faɗin Kalbinna mutum biyu ne suka iya wannan aikin, ɗaya tana tsaye a barandar nan.

* * *

Ta jira har wani tsoho mai rigimar wasiyya ya tattara takardunsa ya fita, sannan ta tura ƙofar laburaren ta rufe, ta ajiye hukuncin a gaban Noeline. A buɗe.

Noeline ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai. Ba ta tambayi mene ne ba.

"Warwick ya zo nan?"

"Anti, kin san ba na faɗin wanda ya zo."

"Da na tambaye ki 'yan sanda, kin ce a'a kafin in rufe baki."

"Wannan tambaya ce a kaina. Waccan a kan mai karatu ce."

"Mai karatu!" Desley ta yi wata dariya mara daɗi. "Yau Warwick ne mai karatu? Mutumin da ko kwalin madara bai taɓa karantawa ba?"

"Duk wanda ya shigo ta ƙofar nan ya zauna, mai karatu ne. Ba a tambayarsa dalili, ba a leƙa masa, ba a faɗin abin da ya duba. Ba ni na ƙirƙiro ba. Ina tsaye a bayanki ranar da kika gaya wa sufeto haka, har ya ce zai kama ki."

"Kada ki karanta mini karatuna, yarinya."

"Raelene ta yi wata da watanni tana zuwa nan kafin ta gudu." Noeline ta ture hukuncin gefe. "An tambaye ni, Anti. An tambaye ni a coci, an tambaye ni a kanti, uwar mijinta ta tare ni a bakin banki. Ban ce ta zo ba, ban ce ba ta zo ba. Akwai mata a garin nan da ke shigowa da baƙin tabarau ana ruwan sama. Ranar da na buɗe baki don raina ya so, me zan ce musu?"

"Ki ce musu an farfasa wa ƙawarki fuska, ke kuma kina zaune kina gadin sirrin wanda ya farfasa. Tare kuka yi makaranta, Noeline. A gidana kike cin taliya ranar Lahadi. Asibiti ma ba ki leƙa ba. Na ɗauka kunya ce irin taki. Ashe lissafi ne."

Hawaye ya zubo wa Noeline, ba ta share ba. Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Ki kawo takarda, Anti. Kin san irin takardar. In alƙali ya tambaye ni, dole in amsa." Ta ɗago ido karo na farko. "Don Allah ki kawo. Ba na barci."

Da wata uwar ce, da ta ji tausayi. Desley ta ga roƙon, ta gane shi sarai, ta kuma ajiye shi gefe. Abin da take gani shi ne hannun nan biyu da ke kan tebur, hannun da ita ta horar.

"Za ki samu takarda," in ji ta. "Har da ƙari."

* * *

Mai gabatar da ƙara ta aika wa Noeline sammaci cikin mako. Ƙarin kuwa Desley ta haɗa shi da kanta. Ta buga wa jaridar garin waya. Ta bi matan shagon gwanjo ɗaya bayan ɗaya, da na ƙungiyar coci, da tsofaffin da ke gara ƙwallo a fili ranar Asabar, ta ce kowa ya zo ya ji da kunnensa yadda aka sami Raelene. Ranar shari'a benci ya cika har ana tsayuwa. Merle ta zo da sabuwar hula.

Noeline ta yi rantsuwa da muryar da sai da alƙali ya ce ta ɗaga. Ta ce Warwick Stoll ya shigo wata ranar Talata kafin azahar. Ya ce yana so ya ba da hayar rumbunsa, yana son ganin yadda kotun haya ke yanke hukunci. Ta buɗe masa shafin, ta nuna masa kotun, ta nuna masa akwatin da ake rubuta abin nema, ta juya baya ta koma teburinta.

"Me ya sa kika juya baya?" in ji mai gabatar da ƙara.

"Haka aikin yake."

Ya buga shafi uku. Ta ɗauko daga injin ta miƙa masa a kife. Amma takardar ba ta da kauri, hasken taga kuma yana bayanta, sai lambar shari'ar ta fito ta baya. Ba ta yi niyyar karantawa ba. Ido ne da ya saba da lambobi. Ba ta duba ko ta wace ce ba sai ranar da ta ji an kwantar da Raelene a asibiti.

Ta faɗi lambar. Mai gabatar da ƙara ta ɗaga hukuncin makulli ta karanta tata. Lamba ɗaya ce.

Lauyan Warwick ya miƙe, ya gyara riga. Ya san ya rasa wanda yake karewa, sai ya nemi wanda zai tafi da shi.

"Malama Petersen, wato lamba kika gani ta bayan takarda, a juye, kika riƙe ta wata da watanni?"

"E."

"Ƙwaƙwalwa ke nan! To duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan naki, kina tuna abin da ya karanta?"

"Ina ƙoƙarin mantawa. Shi ne aikin."

"Amma ba kya mantawa."

Ya matso kusa da ita.

"Kuma in an kawo miki takarda, za ki faɗa. Kamar yau."

"In alƙali ya..."

"E ko a'a, Malama."

"E."

Ya juya ya dubi benci, ya bar kalmar ta zaga ɗakin. Desley ta ga wata mata a layin baya ta jawo jakarta ta rungume, ta ga ɗan jarida yana rubutu da sauri. Ta gani, ba ta damu ba. Idonta yana kan ƙeyar Warwick, inda gumi ya fara tsattsafowa yana gangara cikin kwalar sabuwar rigarsa. Da aka koma bayan hutu, ɗaya daga cikin abokan kamun kifin ya tuna cewa wataƙila ya rikita ranakun. Alƙali ya soke beli nan take. Da ɗan sanda ya kama hannun Warwick, sai ya waiwayo yana neman fuskar da zai tsorata, ya ci karo da ta Desley. Ta ɗaga masa yatsu biyu, ta yi masa bye-bye irin na jarirai. Daɗin da ta ji ya sauka har tafin ƙafarta, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

A matakalar kotu Noeline ta tsaya a gabanta, idanu a kumbure. Mutane suna ratsa su ta gefe, ba mai yi wa Noeline magana.

"Sammaci na roƙe ki, Anti. Ban roƙe ki 'yan kallo ba."

"Kotu a buɗe take, 'yata. Mu muka yi yaƙin a buɗe ta."

"Kin san abin da za su yi da wannan."

"Na sani." Desley ta gyara jakarta a kafaɗa. "Da hannunki kika miƙa masa ita. Ki je ki yi barcin."

* * *

An yanke wa Warwick shekaru masu kauri. Jarida ta buga hoton Noeline, ba nasa ba. Hukumar da ke kula da ginin ta zauna, ta nuna matuƙar damuwa, ta ce ba za a sake barin mugu ya shiga ya fita ba a san da shi ba. Noeline ta ajiye aiki kafin rake ya isa sara, ta koma wajen yayarta a wata jiha.

Desley ta je laburaren sau ɗaya bayan haka, don ta rubuta takardar neman a sakaya sunan Raelene a hukuncin makulli. Wani mai gadi a bakin ƙofa ya nemi katin shaida, ya ɗora shi a kan na'ura ta yi ƙara. An juyo da kwamfutocin suna kallon tsakiyar ɗaki, da kyamara a samansu. Ita kaɗai ce a ciki har ta gama.

Ranar da aka kwance wa Raelene waya, ta dawo gidan uwarta. Desley ta dafa taliya har ta yi laushi, ta yayyanka mata ƙanana kamar ta yaro. Raelene tana taunawa a hankali, hannu ɗaya a kan kunci, tana lumshe ido a kowace loma.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.

"Wata uku kina shan romo, yau kin zama alƙalin girki."

Ta ci gaba da ci. Can ta ajiye cokali mai yatsu.

"Mama, akwai wata da muka haɗu a asibiti. Nata mijin hannu ya karya mata. Tana son ta san yadda ake neman odar kotu ba tare da ya ji ba. Na ce ta je laburarenku, a can na koyi komai. Ta ce an gaya mata wurin yana ajiye sunan mutane." Ta dubi uwarta. "Gaskiya ne?"

Desley ta zuba mata ruwa a kofi, ta mayar da jug ɗin inda yake.

"Lokacin da kike zuwa bai ajiye sunanki ba. Lokacin da Warwick ya je bai ajiye nasa ba. Adireshinki a hukuncin da kika ci yake, a shafin da kowa ke karantawa kyauta, Noeline ta nuna masa akwatin ta juya baya. Yanzu yana ajiyewa. Suna, da hoto, da abin da aka duba."